Gargaɗi Ga Mutanen Bauchi Kan Ciwon Waswasi

Jama'ar Bauchi, iyaye da malamai da limamai da masu shagon magani, a saurara. Akwai ciwon da yake cin mutane a cikin gidajenmu, daga Jahun har Yelwa, daga Fadamar Mada har Bakin Kura, kuma yawancin masu fama da shi ba a taɓa gaya musu ciwo ba ne, balle su san yana da magani. Akwai saurayin da zai shiga banɗaki da buta tun kiran assalatu, ba zai fito ba sai an sallame. Akwai matar da fatar hannunta ta tsattsage saboda sabulu da Hypo, tana wanki tana kuka. Akwai ɗalibin da zai tayar da kabbarar harama sau goma, liman ya yi ruku'u shi yana nan yana gyara niyya. Akwai magidancin da ya ƙaurace wa ɗakin matarsa domin zuciyarsa tana raya masa cewa ya sake ta bai sani ba. Kowannensu mun ba shi suna: wannan ustazanci ya yi masa yawa, waccan tsantsani gare ta, wancan iska ce, wancan kuma jifansa aka yi. Likitocin ƙwaƙwalwa suna kiran abin OCD, mu kuwa bari mu ce ciwon waswasi. Yana raba ɗalibi da karatu, yana kashe aure, yana rufe shago, wani lokacin ma yakan kai mai shi ga hallaka kansa.

Abu biyu ne suke haɗuwa su zama wannan ciwo. Na farko tunani ne, ko hoto, ko wani ingizo da yake faɗo wa mutum a rai ba da sonsa ba, ya ƙi tafiya, in ya tafi ya dawo. Anya ban taɓa najasa ba? Anya na danna kwaɗon shago? Anya ban kaɗe wani da mashin na wuce ba? Anya abin da ya gilma a zuciyata bai fitar da ni daga addini ba? Mai shi ƙyamar tunanin yake yi, kuma yana tayar masa da hankali matuƙa. Na biyu shi ne abin da yake yi don ya sami sa'ida: wankewa, dubawa, maimaitawa, ƙirgawa, jera kaya, tambayar mutane, ko wani aiki na cikin zuciya da ba mai gani, irin su sabunta kalmar shahada a ɓoye ba adadi, ko bin abin da ya faru jiya daki-daki don ya tabbatar bai yi laifi ba. Da ya yi sai hankalinsa ya ɗan kwanta. To, a nan tarkon yake. Kwanciyar hankalin ta 'yan mintoci ce, amma ƙwaƙwalwa ta riga ta ɗauka wankin ne ya tsirar da ita, don haka gobe za ta nemi fiye da na yau. Kamar susar ƙazuwa ne, daɗin da ake ji lokacin susa shi ne yake ƙara faɗaɗa gyambon.

Ba duk mai tsafta ko mai taka-tsantsan ne yake da ciwon ba. Ma'aunin likitoci a fili yake, yana cikin kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, bugu na biyar na 2013, da kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na goma sha ɗaya da ya fara aiki a 2022. Idan tunanin da maimaitawar suna cinye fiye da awa ɗaya a rana, ko suna jefa mutum cikin ƙunci mai tsanani, ko suna hana shi karatu da sana'a da zaman iyali, to an shiga haddin ciwo. Tun 1989 akwai wasu tambayoyi goma da masana na jami'o'in Yale da Brown suka tsara, makinsu daga sifili zuwa 40, da su ake auna tsananinsa, da su kuma ake gane ko magani yana aiki. Wanda yake son kaya a jere kuma yana jin daɗin hakan, har yana ganin sauran mutane ne ƙazamai, wannan hali ne, wani babi ne daban. Mai ciwon waswasi ya fi kowa sanin abin da yake yi ya wuce hankali, yana so ya daina, ya kasa.

Wannan sanin shi ne babban abin da ya raba shi da hauka. Mai taɓin hankali irin wanda muka sani yakan ji muryoyi daga waje, ya gaskata abin da babu shi, ba ya kokwanto. Mai waswasi ya san tunanin daga cikin kansa yake fitowa, kokwanto kuwa shi ne abincinsa. Shi ya sa yake ɓoyewa. Za ka zauna da shi a majalisa, ku yi ciniki a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti, ku yi raha, ba za ka san ya shafe awa uku a banɗaki kafin ya fito ba. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna masu ciwon sukan yi shekaru, wasu fiye da goma, kafin su sami maganin da ya dace.

Game da yawansa, ƙididdigar da aka fi dogaro da ita ta nuna kimanin mutum biyu cikin ɗari ne suke gamuwa da shi a tsawon rayuwarsu. A yi ƙiyasi da masallacin Juma'a mai ɗaukar mutum dubu, kamar na Gwallaga ko na ƙofar fada, a ga ko mutum nawa ke nan. Yakan fara ne a ƙuruciya ko farkon samartaka, matsakaicin shekarun farawa bai wuce goma sha tara zuwa ashirin ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na maza masu ciwon sun fara tun ba su kai shekara goma ba. Wato daidai shekarun da ake koya wa yaro tsarki da alwala da salla, daidai shekarun jarrabawa da neman aure.

Mugun tunani da ke faɗowa ba da niyya ba, kowa yana samunsa. A 1978 wasu masana biyu a Landan, Stanley Rachman da Padmal de Silva, suka tambayi mutane lafiyayyu ko irin wannan tunani yana zo musu, kusan takwas cikin goma suka amsa da e. A 2014 aka sake irin wannan bincike a ƙasashe 13, har da Saliyo, aka sami fiye da kashi 90 cikin ɗari. Lafiyayye zai ji abin ya gilma, ya yi a'uziyya ko ya yi tsaki ya ci gaba da harkarsa. Mai ciwon zai tsaya ya ce, tun da na yi tunaninsa, ashe ni mugu ne, ashe zan aikata. Daga nan ya shiga kokawar korarsa. A 1987 wani masani mai suna Daniel Wegner ya sa ɗalibai su yi minti biyar ba tare da tunanin wata farar dabba ba, suka kasa, bayan an sake su kuma tunanin ya fi yawaita a kansu. Duk wanda ya ce wa mai waswasi "kawai ka cire abin a ranka", ya sani ya tura shi ga abin da yake ƙara rura ciwon.

A ƙwaƙwalwa ma ana ganin alamarsa. Hotunan da aka fara ɗauka a ƙarshen shekarun 1980 sun nuna wata hanyar saƙo da ta haɗa sashen gaba na saman idanu da wasu sassa na can tsakiya tana aiki fiye da kima. Wannan hanyar ita ce take sanar da mutum cewa akwai kuskure, a gyara. A wurin mai ciwon, saƙon ba ya yankewa ko an gyara. A 1992 Lewis Baxter da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa zafin aikin yana sauka ga waɗanda suka sami sauƙi, ko da ƙwaya aka yi musu magani, ko da horon ɗabi'a. Gado yana da hannu, domin ciwon ya fi yawa a cikin 'yan'uwa na jini, kuma tashin hankali ko haihuwa ko rashi na iya tayar da shi.

Yanzu ga inda maganar ta fi shafarmu. Ciwon yakan kama abin da mutum ya fi ɗauka da muhimmanci, a garinmu kuwa ba abin da ya kai addini. A 1994 Farfesa Ahmed Okasha ya yi nazarin marasa lafiya 90 a Masar, ya tarar tunanin addini da na najasa su ne kan gaba, kimanin kashi 60 cikin ɗari. Hakan ba ya nufin addini ne yake jawo ciwon. Kirista a Yelwa zai same shi ta hanyar tsoron ya yi saɓon da ba a gafartawa, ya yi ta maimaita addu'a da furta laifi, kuma tarihin coci ya ajiye labarin Martin Luther da Ignatius Loyola da irin wahalar da suka sha da wannan kokwanto. Wanda ba ya bin kowane addini zai same shi ta ƙwayoyin cuta ko kulle ƙofa.

Abin takaici shi ne maganar tana cikin littattafan da muke karantawa a zaure tun muna yara, muna wuce ta. Ahalari, wanda kusan kowane ɗalibi a ƙasar Hausa ya buɗe, ya hukunta cewa wanda ya yi kokwanton ko alwalarsa ta karye sai ya sake, amma nan take ya cire mai waswasi, ya ce shi babu komai a kansa. A babin rafkanwa ya sake cewa mai waswasi ya watsar da abin, kada ya kawo raka'ar da yake kokwanto a kanta, ya yi ba'adi kawai. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ta zo da irin wannan hukunci ga wanda kokwanto ya aure shi, masu sharhi a mazhabar Malikiyya kuma suka fayyace cewa wanda kokwanto yake zuwar masa kullum, ko da sau ɗaya ne, ya shiga wannan sahu. Sai ka ga yaro ya haddace rabin farko na hukuncin, wato kokwanto yana karya alwala, rabin na biyu da aka yi dominsa ba wanda ya tsaya ya nuna masa. Ya ɗauki hukuncin lafiyayyu ya ɗora wa kansa, yana ta sake alwala har lokaci ya fita.

Hadisai ingantattu ma sun yi magana. An hana mai salla ya fita don kawai yana jin kamar wani abu ya fita daga gare shi, sai ya sami tabbaci na ƙara ko wari. An ba da labarin cewa Allah ya yafe wa al'umma abin da zukata suka raya matuƙar ba a aikata ko an furta ba. A cikin Sahihu Muslim, sahabbai sun kai ƙarar wani tunani da suke jin nauyin faɗarsa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna musu cewa wannan jin nauyin alamar imani ce tsantsa. Ibnu Ƙudama, wanda ya rasu a 1223, ya rubuta littafi sukutum a kan masu waswasi. Ibnul Jauzi ya kawo labarin wani mutum da ya je wa Ibnu Aƙilu a Bagadaza yana cewa yakan nutsa cikin ruwa sau da yawa amma yana kokwanton ko wankansa ya yi, malamin ya ce masa ai salla ta faɗi a kanka, domin an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Girgiza shi ya yi nufin yi, likitan yau ba zai kira mutumin mahaukaci ba, amma malamin ya gane cewa wannan ya fita daga babin tsarki ya shiga babin rashin lafiya.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Abu Zaidin Albalkhi, da ya rasu a 934. A littafinsa na gyaran jiki da rai ya ware babi guda ga waswasi, ya siffanta shi a matsayin ciwo, ya ce wani da shi ake haifarsa, ya shawarci mai shi da ya guji kaɗaici da zaman banza, ya kuma riƙi amintaccen mutum mai ba shi shawara. A 2015 Dakta Rania Awaad ta jami'ar Stanford da abokiyar aikinta suka gwada bayaninsa da ma'aunin zamani, suka ga sun yi kusa ƙwarai. Likitan Faransa Esquirol, wanda Turai take farawa da shi, sai a 1838 ya rubuta nasa. Don haka wanda ya ce zuwa asibiti kan waswasi ɗabi'ar Turawa ce, bai san tarihinsa ba.

Allah ya gafarta malam, gargaɗin farko naka ne, domin wurinka ake fara zuwa kafin likita. Idan mutum ya tambaye ka hukuncin ɗigon fitsari yau, ya dawo gobe da tambayar a wata siga, ya kira ka da dare, ka ji kuma ya tambayi malamai uku kafin kai, ka sani amsa ba ta ishe shi ba kuma ba za ta taɓa isarsa ba. Tambayar ita kanta ta zama irin wankin hannun nan. Kowace fatawa ta kwantar masa da hankali na awa ɗaya, ta ƙara wa ciwon ƙarfi. Ka ba shi hukuncin mai waswasi sau ɗaya, a taƙaice, ka ce masa daga yau wannan ne hukuncinka ko zuciyarka ta yarda ko ba ta yarda ba, sannan ka haɗa shi da asibiti. Kada ka ce masa imaninsa ne ya yi rauni, kada ka ƙara masa wasu ƙa'idoji na ihtiyaɗi. Haka batun saki: mutumin da ya zo jiki na rawa yana cewa kalmar ta gilma masa a zuci, ko yana ganin kamar leɓɓansa sun motsa, a bincika lafiyarsa kafin a taɓa aurensa. An raba ma'aurata masu son juna a kan abin da ciwo ya raya.

Ga mai fama da tunanin saɓo a kan Allah ko Manzonsa ko Littafinsa, ina roƙonka da babbar murya: kada ka rubuta shi a Facebook ko a zauren WhatsApp don neman fatawa, kada ka faɗe shi a majalisa. Mun san garinmu, mun san nauyin irin wannan magana, kuma wanda ya ji rabinta ba zai tsaya tambayar ko ciwo ne ba. Ka kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa, wanda aikinsa ya ɗora masa riƙe sirri, ko malami guda mai zurfin ilimi da ka amince da shi. Ba sai ka furta kalmomin ba ma. Ka ce tunanin da nake ƙi a kan addini yana zo mini, sun san sauran.

Addu'a da karatun Alƙur'ani ba su yi faɗa da asibiti ba, ba kuma wanda ya ce a bari. Abin da ake gargaɗi a kai shi ne duka da sunan fitar da aljani, da turara hayaƙi a rufaffen ɗaki, da ɗaure mutum. Wanda ciwonsa kokwanto ne, ka ce masa akwai wani a jikinsa, ka ba shi sabon abin tsoro da zai yi shekaru yana bincike a kai. Ba mu manta da Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, daga baya aka sami irinsa a Daura da wasu garuruwa. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa mara lafiya haƙƙinsa na mutunci da kariya daga azabtarwa.

Iyaye da matan aure da mazaje, naku laifin na ƙauna ne. Uwa ta ga ɗanta yana wahala, sai ta tsaya a ƙofar banɗaki tana ƙirga masa, "ka wanke fuska, na gani da idona." Miji ya ƙara wa ɗan garuwa kuɗin jarka biyar kullum don kada a yi rigima, ko da famfon Gubi bai kawo ba. A ware wa mutum kofinsa da tabarmarsa, a hana yara taɓa shi. Likitoci sun auna wannan, sun ga gidan da aka fi biye wa ciwon, nan ya fi tsanani, nan kuma magani ya fi wuyar kamawa. Zagi da gori da ƙwace buta da ƙarfi su ma ba sa haifar da komai sai ƙarin ɓoyo. Abin da ake so shi ne a janye hannu a hankali, da shawarar likita, da sanin mara lafiyar. In ya tambaya, a ce masa, "Na san kana shan wahala, amma mun yi alkawari ba zan amsa wannan tambayar ba." Akwai kuma rikitarwa ta musamman a jiharmu, domin Bauchi tana cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi addaba tare da Ondo da Edo, ga kwalara, ga abin da korona ta koya mana a 2020. Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci da bayan fitowa daga banɗaki wajibi ne. Wanke shi har ya yi jini, ko zuba masa Izal da bilic, ba ya ƙara kariya, faso da gyambo yake buɗewa.

Masu jego suna buƙatar kulawa ta daban. Wata za ta ɗauki jaririnta sai hoton ta yar da shi ko ta cutar da shi ya faɗo mata, ta firgita, ta ɓoye wuƙaƙe, ta ƙi yi masa wanka, ta kasa gaya wa kowa don kada a ce mayya ce. Wannan firgitar ita ce alamar waswasi, irin waɗannan mata ba a san su da aikata abin da suke tsoro ba, kuma suna samun sauƙi da magani. Amma mai jegon da ta daina barci kwana da kwanaki, tana sambatu, tana jin muryoyi, ko ta gaskata cewa jaririn ba mutum ba ne, wannan wani ciwo ne daban mai hatsari ga ita da ɗan, a kai ta asibiti a ranar, kada a bar ta ita kaɗai da shi. Haka yaron da ya kwana lafiya ya tashi da waswasi mai tsanani cikin 'yan kwanaki, musamman bayan ciwon maƙogwaro, ko da fizgar gaɓoɓi, a kai shi ga likitan yara.

Masu kemis, ku ji tsoron Allah. Diazepam da ire-irensa ba sa maganin wannan ciwo, barci suke sawa, su bar mutum da jaraba. Tiramol da kodin sun fi muni, kuma haɗa tiramol da magungunan waswasi na iya jawo farfaɗiya ko wata guba mai zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa. Allurar da ake yi wa masu taɓin hankali ita kaɗai ba ta warkar da shi. In mutum ya zo yana cewa tunani ya hana shi sakat, ku nuna masa hanyar asibiti.

Magani na gaskiya iri biyu ne. Na farko horo ne da Victor Meyer ya fara gwadawa a Landan a 1966, Edna Foa da wasu suka inganta shi. Ana sa mara lafiya ya fuskanci abin da yake tsoro mataki-mataki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ba tare da ya yi aikin da ya saba ba. Ya taɓa mariƙin ƙofa ya ƙi wankewa. Ya yi alwala sau ɗaya ya tashi ya yi salla da kokwantonsa. Ya danna kwaɗo ya tafi gida bai waiwaya ba. Fargaba za ta hau, ta kai inda yake jin ba zai iya ba, sannan ta sauka da kanta, ƙwaƙwalwa ta koyi cewa za a iya zama da kokwanto ba abin da ya faru. Da wuya, ba wanda zai ce da sauƙi, amma yawancin waɗanda suka jure suka kammala suna samun sauƙi mai yawa. Duk wanda ya karanta Ahalari zai ga umarnin nan na watsar da kokwanto a ci gaba da salla shi ne aka mayar darasi-darasi.

Na biyu ƙwayoyi ne masu aiki a kan sinadarin serotonin, irin su fluoxetine da sertraline, da wani tsoho mai ƙarfi, clomipramine. A nan ne mutanenmu suke faɗuwa. Maganin ba ya nuna aikinsa a mako ɗaya ko biyu, sai an ba shi mako takwas zuwa goma sha biyu, kuma sau da yawa ana buƙatar adadi mai yawa fiye da wanda ake ba mai ciwon damuwa. Mutum ya sha kwana goma, ya ji tashin zuciya ko ciwon kai, ya ce bai karɓe shi ba, ya watsar. Kimanin rabin masu sha suna samun sauƙi a gwajin farko, wanda bai samu ba a canja masa wani ko a ƙara masa mataimaki. Bayan an ji sauƙi ana ci gaba aƙalla shekara guda, kuma ba a yankewa rana ɗaya, a hankali ake saukewa. Ba sa bugarwa, ba irin ƙwayoyin maye ba ne. Mai ciki da mai shayarwa da mai ciwon zuciya da mai farfaɗiya su faɗa wa likita tun farko. Matashin da bai kai shekara 25 ba a sa masa ido a makonnin farko, domin wasu hankalinsu yakan ƙara tashi kafin ya kwanta. Da azumi, tun da yawancinsu sau ɗaya ake sha a rana, a tambayi likita ko a mayar sahur ko bayan buɗa-baki.

A cikin gari, a nufi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wanda ya fara da ƙaramin asibitin unguwa ya nemi takardar turawa. Akwai kuma asibitin koyarwa na Jos, da na Malam Aminu Kano, da Dawanau, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai ɗari uku ba ga mutane fiye da miliyan 200, saboda haka layi zai yi tsawo, lokacin ganawa zai yi gajarta. Kada ka ɓata shi da cewa kaina yana ciwo, ba na barci, domin za a rubuta maka maganin abin da ka faɗa. Ka ce, "Likita, tunanin da ba na so yana zo mini, ina maimaita abu na kasa dainawa, yana cin mini awa kaza a rana." Ka tambaya ko akwai masanin halayyar ɗan'adam da yake yin horon fuskantar tsoro.

Abin da ba ya jiran ranar asibiti shi ne wannan. Ciwon damuwa mai tsanani yakan biyo bayan waswasi, kuma wani babban bincike da aka buga a 2017 a kan marasa lafiya fiye da 36,000 a Suwidin ya nuna hatsarin kashe kai a wurinsu ya kusa ninki goma na sauran jama'a. Idan mai waswasi ya fara cewa gara mutuwa, ko ni ɗan wuta ne an gama, ko ya daina salla gaba ɗaya saboda ta gagare shi ya shiga ɗaki ya rufe, ko ya daina ci da sha don tsoron najasa, ko ya fara rabon kayansa da neman gafarar mutane ba dalili, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin hallaka kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum abin a rai. A kwashe maganin ƙwari da na ɓera da duk tarin ƙwayoyin da ke gidan, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi sashen gaggawa a daren, ko da ƙarfe biyu ne.